Goyon Aro

Matan yanzu suna ba ni dariya. Mace ta rungume ɗanta na fari a tsakiyar kasuwa, tana lallashinsa tana kiran sunansa da ƙarfi kamar mai shela, ko a jikinta. Da nakan ce ba su da ta ido. Yanzu na daina cewa komai, don nakan tuna wani ɗari da aka yi ina zaman aure a wani ƙauye kudu da Tudun Wada, ta hanyar Doguwa, tun Turawa ba su tafi ba.

Ni 'yar Kiru ce. A garinmu ma ana sanyi, amma sai da aka kawo ni gidan nan na san abin da ake ce wa ɗari. Gidan yana gangaren fadama, ga duwatsu ta kudu. Da an gama kaka sai ruwan randa ya fara cizon haƙori, alwalar asuba kuwa sai mutum ya yi ta maza.

Ɗana na fari yana cikin shekararsa ta uku a lokacin. Na ce ɗana a nan ne don takarda ba ta kallon mutum. A gidan kuwa ba nawa ba ne. Ranar da aka yaye shi, uwar mijina, wadda duk gidan ke ce wa Iya, ta ɗauke shi ta kai ɗakinta, shi ke nan ya zama nata. Haka al'adar take. Ɗan fari ba ki kiran sunansa, ba ki ɗaukarsa a gaban mutane, ba ki yi masa wasa. Ko faɗuwa ya yi a gabanki sai ki kau da kai, wata ta ɗaga shi. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, haka na ga uwata ta yi wa yayana. Shi ma yaron bai san wani abu ba. Iya ce uwarsa, ita kuma tana ce masa maigida, irin wasan nan na kaka da jika. Ni kuwa Amarya yake ce mini, yadda ya ji kowa yana faɗa.

Iya gajeriya ce, ga faɗa, ga tsabta, kuma tana da dokokinta na ɗari waɗanda ba a takawa. Yaro ba ya fita tsakar gida sai hantsi ya ɗaga. Ba wankan safe. Tun da hantsi za a ajiye ruwa a kasko a rana, a surka da na zafi, a yi wankan da azahar a lungun da iska ba ta bi. A goge musu kaushi da ɗan dutse suna ihu kamar ana yanka su, sannan a mulke su da man kaɗanya, ƙafa da leɓe da bayan hannu, don kada faso ya tsaga su. Jariri kuwa, ko hula ko tsumma, maɗigarsa ba ta zama a buɗe. Wutar jin ɗumi sai an kewaye ta da duwatsu saboda masu rarrafe, ta ɗaki kuma sai ta ci ta zama garwashi kafin a saki asabari. Kunun safe kuwa ta ce in yaro ya sha bai yi gumin hanci ba, to mai damun ta yi rowar citta. Ni ce mai damun, don haka na sha wannan maganar.

Ban da sanyin, ina son lokacin. Rumbu cike, hankalin kowa a kwance. Maza suna ƙofar gida suna ɓarar gyaɗa, suna gardamar ranar da motar Kano za ta zo. Mu mata mu jera a rana, baya ga katanga, masu gurzar auduga na yi, masu kaɗi na yi, ana gulmar duniya. Yara su binne dankali a toka, su tone shi bai nuna ba, su ci su ɓata baki. Fulani kuma sun sauka a gonarmu, shanunsu na cin kara suna bar mana taki, matansu na shigowa da nono da man shanu muna musaya da dawa.

Wata safiya manyan yaran gidan suka sulale zuwa fadama wajen masu saran rake, shi kuma ya bi su ba wanda ya gani. Santsi ya kwashe shi ya faɗa kududdufi. Ba zurfi gare shi ba, amma kafin su jawo shi su iso gida, cikin wannan iska, 'yar rigarsa a jiƙe, leɓensa ya canza, haƙoransa na karo da juna. Iya ta yi salati, ta tuɓe shi, ta naɗe shi a gwado, ta bi sauran yaran da tsumagiya har zaure. Washegari zazzaɓi ya rufe shi, sai tari. Da aka kwana biyu numfashinsa ya zama gajere, yana ja haƙarƙarinsa na lotsawa.

Iya ta yi iya yinta, wannan ko a gaban Allah zan faɗa. Ta ɗumama tsumma ta gasa masa ƙirji da baya. Ta narka man shanu da tafarnuwa ta shafe shi, ta ɗiga masa a baki. Mijina ya je wajen malam ya karɓo rubutu. Shi ma fa kunyar ɗan farin tana kansa, sai dai ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Iya, yaya mai jiki?" Ya kawo shawarar a ɗora yaron a jaki a kai shi ɗakin magani a Tudun Wada. Iya ta ce, "A wannan iskar? So kake ka kai shi ko so kake ka ƙarasa shi?" Ya sunkuyar da kai ya fita. Na haɗu da shi a bayan rumbu, ya dube ni na dube shi, kowa ya wuce.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yaron ya ƙi cin komai. In dama koko mai kyau, in tace, in zuba a ɗan ƙoƙonsa, in ba wata ta miƙa. Jim kaɗan sai ƙoƙon ya dawo yadda ya tafi, ya yi sanyi har ya kama fata. In sake dama kunun tsamiya, shi ma ya dawo. Kowa a gidan ya san inda yaro ke nufa in ya daina karɓar abinci a irin wannan ciwon. A unguwar nan ba ɗarin da ke wucewa bai tafi da na wasu ba.

Ni kuma ba ni da hurumin shiga ɗakin in zauna. Sauran matan gidan su shiga su fito, su taɓa goshinsa, su ce sannu. Ni da na haife shi sai dai in ɗauki tsintsiya in yi ta sharar ƙofar Iya, wurin da ba ko tsinke, ina kasa kunne. In ya yi tari sai in ji kamar a ƙirjina ake yi. Wallahi na ji haushi. Na ji haushin Iya, na ji haushin uwata da ta koya mini, na ji haushin matan da ke tambayata wai gishiri ya ji a miya. Amma ko da wasa ban bari fuskata ta nuna ba. Har dariya nakan yi in an yi abin dariya.

Akwai wata Bafulatana, dattijuwa, doguwa, da ta saba kawo mana nono. Rannan da rana ta shigo, ta sauke ƙwaryarta kusa da murhuna, na auna mata dawa. Tari ya taso daga ɗakin Iya, mai tsawo, har da shaƙewa. Mudun da ke hannuna ya karkace, dawa ta zube. Matar nan ta durƙusa tana taya ni tsincewa, ba ta dube ni ba, ta ce, "Na farinki ne?"

Ban amsa ba. Ai ba a amsawa.

Ta ce, "Mu tamu kunyar ta fi taku. Nawa na fari a irin wannan sanyin ya tafi, a bayan kakarsa. Ina tatsar nono aka zo aka faɗa mini, na ƙarasa tatsar. Ban taɓa jikinsa ba sai da ya huce." Ta yanko man shanu ta ɗora mini a ganye, ta ce wannan ba na musaya ba ne, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Na zauna a wurin, dawar a hannuna, na kasa tashi. Ashe Iya tana bakin ƙofarta, ta fito zubar da ruwa. Ban san abin da ta ji ba, ban kuma taɓa tambayarta ba. Ta dai tsaya ta dube ni, ta koma ciki.

Washegari da hantsi, matan gida sun jeru a rana da audugarsu, sai Iya ta ɗaga murya yadda har na zaure za su ji. "Ke Amarya! Zo nan. Kina zaune kina ƙiba, ni tsohuwa bayana zai ɓalle. Mijin nan nawa ya fi ƙarfina. Zo ki goya mini shi. Aro na ba ki, ba kyauta ba, kada ki sa rai."

Matan suka yi dariya. Ni ma na yi ɗan gunaguni, yadda ya kamata a ga na yi, na ce ga aiki a gabana. Ta ce, "Aikin ya ci kansa. Ni na sa ki." Daga nan ba mai bakin cewa na yi rashin kunya, tunda umarnin uwar miji ne. Ta kuma juya kan matan ta ce akwai sauran auduga a gona tana zuba, su tashi su je su tsinko. Tsakar gida ta zama ba kowa sai kaji.

Na shiga ɗakin. Yana kwance a kan gadon ƙasa, ya rame, idanunsa sun faɗa. Iya ta ce in kwance zanena daga sama. Ta tuɓe masa riga, ta ɗora mini shi fata da fata, ta ɗaure da majanyi, ta lulluɓe mu da gwado. "Ɗumin mutum ya fi na wuta," in ji ta. "Nawa jikin ya huce, ba abin da zan ba shi. Je ki zauna ki ba rana baya."

Jikinsa zafi kamar an sauke tukunya. Ba nauyi ko kaɗan, wayyo, kamar ba shi ne ƙaton da na yaye ba. Ina jin numfashinsa a tsakanin kafaɗuna, gajere, da sauri. Na zauna kusa da murhu na fara jijjiga shi a hankali. Ya ɗan motsa, ya shinshina wuyana, ya ce, "Amarya?" Na ce, "Na'am." Ya kwantar da kai a bayana.

Da rana ta ɗaga Iya ta miƙo mini ƙoƙon kunu da ɗan ludayi. To, ba a ba yaro abinci yana baya. Dole na kwance shi na ɗora a cinya, fuskarsa na kallon tawa. Rabon da in dube shi ido da ido tun ranar yaye. Ashe yana da wani ɗan tabo a gira, ban san lokacin da ya ji ciwon ba. Iya ta jawo tabarma ta zauna ta juya mana baya, wai tana tsintar wake a faifai. Na kai ludayin bakinsa, ya kau da kai. Na kurɓa da kaina, na ce kai, wannan kunu da daɗi yake, bari in shanye abina. Ya dube ni da idanun nan. Na sake kai masa, ya buɗe baki ya kurɓa, ya yi tari, ya sake kurɓa. Iya ba ta waiwayo ba, amma na ji tana faɗin alhamdu lillahi ƙasa-ƙasa.

Kwanakin da suka biyo, a bayana ya yi su. Da shi nake daka, da shi nake talge, da shi nake zuwa rijiya in rana ta yi. Kullum da safe sai Iya ta sake shelar ciwon bayanta, har da ɗingishi don a gani. Wata azahar na ji zanena ya jiƙe sharkaf, na tsorata, na kira ta. Ta sa hannu ta shafa shi ta ce, "Gumi ne, sakarya. Zazzaɓin ne ya sake shi." Na shiga bayan ɗaki na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa, shi yana bayana yana barci.

Ya warke. Ya fara neman dankali, ya fara tsokanar kaji. Aro kuwa dole a mayar. Wata safiya a gaban matan gida Iya ta miƙo hannu ta ce, "To, kawo mini mijina, kin ci amanar aro ya isa haka." Na kwance majanyin da hannuna. Ya ƙanƙame wuyana, na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na ce, "Tafi wajen matarka, ka ishe ni." Na koma bakin murhu na ci gaba da aikina. Tuwon ranar ban san yadda na tuƙa shi ba.

Bayan 'yan kwanaki, ina tsugune ina tuƙi, matan na rana da audugarsu, sai ga shi ya zo ya tsaya nesa kaɗan da ni, cikinsa fal da kunu, kumatu na ƙyalli da mai. Ya dube ni. Ya dafa ƙirji ya yi tari, wani ɗan busasshen tari na ƙarya, ko akuya ba zai ruɗa ba. Ya saci kallona, ya sake yi. Matan suka kwashe da dariya har da tafawa. Ni na dage da tuƙina, ban ɗaga kai ba.

Iya ba ta yi dariya ba. Ta ajiye mazarinta, ta kira shi, ta kara kunnenta a ƙirjinsa ta daɗe tana saurare, fuskar nan a murtuke. Sannan ta girgiza kai ta ce, "Ai kuwa tarin nan bai gama fita ba. Ke Amarya, zo ki ɗauke shi."

Na ajiye muciya na durƙusa, ya zo da gudu ya hau.