Kofur da Buhunan Mama

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Zuru, sai mutum ya hau tudu kafin ya ji mai kiransa, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. A shekarar ne mahaifina, tsohon saja da ya yi ritaya daga soja, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. A asibiti an ce zai taka in ya dage da motsa ƙafar, amma ya ƙi. Mutumin da jin takunsa kaɗai kan sa mu gyara zama, ya koma kwance yana kallon rufin ɗaki. Aka sayo masa sanda, ya ce a kai wa tsofaffi.

Wata rana abokinsa da suka yi soja tare ya zo daga Dabai, da kwali ɗaure a bayan mashin. Ɗan kwikwiyo ne a ciki, ja, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Bai tambayi kowa ba ya ɗora shi a kan gadon Baba. Kwikwiyon ya kama yatsan hannun da ya shanye yana tsotsa. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kofur." Sunan ke nan. Ranar muka ji dariyarsa, wadda muka yi watanni ba mu ji ba.

Tunda ni ce ba ni da aikin yi, rainon Kofur ya faɗo kaina. Nan na ga abin da ya ɗaure mini kai. Da safe zan fita da shi, mu zaga unguwa, mu kai har bakin rafi. Ya shinshina kowane dutse, ya bi kowace kaza, amma ko ɗigon fitsari ba zai yi ba. Muna shigowa gida sai ya ƙwace da gudu, ya faɗa ɗakin ajiya, ya hau buhu ya tsuguna. Mahaifiyata kuwa dawa da gero take sayarwa a kasuwa, buhunan nan su ne abincinmu da maganin Baba.

Na rufe ɗakin, ya gano buhun gawayi a kicin. Na ɗauke wannan, ya samu wanda muke shanya kuɓewa a kai. Ba ya yi a siminti, ba ya yi a ƙasa, sai buhu. Ni da nake ganin na yi boko, na tsaya ina yi wa kare lacca da Turanci. Na dangwala masa hanci a wurin, na zane shi da silifas. Abin da na samu kawai shi ne ya koyi jira sai na juya baya.

Ranar da aka manta ƙofar a buɗe ya jiƙa buhun dawa sabo, Mama ta tsaya a ƙofar ɗakin Baba ta ce, "Baban yara, na yi haƙuri iya haƙuri. Ranar Lahadi in an taso coci, karen nan zai koma inda ya fito."

Baba ya juya fuska bango. Tuwon da na kai masa, haka na ɗauko shi.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Dabai don in gaya wa abokin Baba ya zo ya ɗauki abinsa. Na tarar ya tafi gona, sai matarsa tana sussukar dawa. Na kwashe labari na gaya mata, har da ƙwalla. Ta yi dariya, ta karkaɗe hannu, ta ce, "Taho ki gani, ɗiyata."

Ta kai ni ƙarƙashin wani tsohon rumbu inda karyarsu ta haihu. An shimfiɗe wurin da tsofaffin buhuna saboda sanyin damina.

"Tun kafin ya buɗe ido a kan buhu yake yi," ta ce. "Ke in an kai ki wani gari aka ce ki tsuguna a tsakar titi, za ki iya? Ba taurin kai ba ne. Ki ɗauki buhun da ya ɓata ki kai waje. Da ya ci, da ya tashi barci, a kai shi can. In ya yi, a shafa kansa. Kullum a riƙa rage buhun da almakashi har ya saba da ƙasa. Kuma ki aje silifas ɗin nan."

Na dawo na roƙi Mama ta ƙara mana mako biyu. Ta yarda, amma ta ce daga gobe zan riƙa bin ta kasuwa, zaman banza ya ishe ni haka. Na ce to wa zai riƙa fita da Kofur a kan lokaci? Sai muka ji murya daga ɗaki: "Ina sandar nan?"

Na shimfiɗa buhun 'yan taku kaɗan daga ƙofa. Ranar farko Baba ya ɗauki kusan rabin awa kafin ya kai, yana jan ƙafa, gumi na zuba, Kofur na zagaya shi. Ya ɗaura tsohon agogonsa, ya mayar da abin kamar fareti. Ƙannena sun ce in Kofur ya tsuguna, Baba kan ƙame ya ce, "Da kyau, soja." An samu kuskure sau biyu ko uku, Mama ta wanke. Buhun ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma kamar tafin hannu, wata rana iska ta ɗauke shi, Kofur bai ma nema ba. Kafin nan buhun ya yi ta matsawa gaba har ya kai gindin mangwaron da ke ƙarshen filinmu, Baba kuma yana zuwa can sau biyar a yini. Kafin Kirsimeti da ƙafarsa ya je coci.

Ni a zatona iska da kaji ne ke jan buhun gaba. Sai bayan rasuwar Baba, shekara tara da faruwar wannan, muna tsince wake da Mama na tuna mata. Ta ce, "Wace iska? Ni ce. Duk bayan kwana biyu, kafin ku tashi, nakan matsar da shi taku uku. Da na ce masa ya yi tafiya, ai kin san ba zai yi ba."

Na tambaye ta ko Baba ya gane. Ta ce wata safiya ta ɗago kai ta gan shi a taga yana kallonta, da buhun a hannunta. Bai taɓa yi mata maganar ba, ita ma ba ta yi masa ba.

Har yau in na tuna, godiya nake yi. Ga matar nan ta Dabai da ta koya mini in fara tambayar inda mai laifi ya taso kafin in ɗaga hannu, abin da ya yi mini amfani a kan 'ya'yana fiye da a kan kare. Ga Mama kuma, wadda na yi shekaru ina ɗauka ita ce marar tausayi a labarin nan, alhali tana fita da sanyin safiya ta ɗauki buhun da kare ya ɓata da hannunta, don mijinta ya ƙara taku uku.