Dabo Mai Rediyo Ya Je Agadas

Dabo mai gyaran rediyo ne a unguwar Yara, cikin Keffi, kuma mutum ne mai yawan fargaba. Ko nan kusa Gitata za shi sai ya tambayi direba lafiyar birki. A shekarun da kuɗin mai suka shigo, kowa ya sayi rediyo, manyan motoci suka yi ta ratsa gari. A lokacin ne wata ƙara ta kama shi a kunnen hagu, siririya kamar kukan gyare, ba ta tsayawa. An ɗiga masa magani a asibiti, ba ta daina ba. Tsoronsa kada ya kurumce, don da kunne yake neman abinci.

Wani Buzu mai gadin garejin Raimi bakanike ya ce masa garinsu Agadas shiru ne ƙwarai. Dabo ya ƙudura zai je ya gani, ko kunnen ya huta.

Matarsa Lailatu ta ce, "Maigida, wa kake da shi a can? Mutum ya bar gidansa don kallon rairayi?"

Ya ce, "Ni ma gabana faɗuwa yake. Amma in na zauna, wannan ƙarar za ta haukata ni."

Ya bi ta Kano da Damagaram, daga nan ya hau bayan wata babbar mota. Duk inda aka tsaya, jarkar ruwa yake fara dubawa.

Ya tarar da garin yadda Buzun ya faɗa. Ga masallaci mai doguwar hasumiyar ƙasa da itatuwa a jikinta, ga lunguna ba motsi da tsakar rana. Sai dai shirun bai taimake shi ba. Da babu hayaniyar da za ta rufe ƙarar, sai ta cika masa kai. Ya zauna gindin wata katanga yana zufa, yana cewa shi ke nan, kunne ya tafi. Can ya jiyo wani maƙerin azurfa yana ƙwanƙwasa guduma daga wani lungu mai nisa. Ya toshe kunnen dama da yatsa, ya saurara. Yana ji sarai.

Ya dawo Keffi a rame. Ƙarar ba ta rabu da shi ba har tsufansa, amma bai kurumce ba.

Raimi ya taɓa tambayarsa ko garin ya isa a je dominsa. Dabo ya ce, "Masallacin ya isa a gani. Amma in akwai abin da ke damunka, can za ka fi jin sa. Kada ka je kai kaɗai."