Kunyar 'Yar Fari a Levenshulme

Ni dai ban zaɓi unguwar Levenshulme ta Manchester don kyan gidajenta ba. Gidan da muka kama bangon kicin ɗinsa tsattsafo da ruwa yake yi, matakalarsa kuma sai ka hau a karkace. Tsoro ne ya kai ni can, tsoron kada a raba ni da 'yata.

A Lozells na haife ta, can Birmingham, kuma ita ce ta fari. Surukata ta zo daga Kano yi mini wankan jego, ta zauna wata shida cur. A ƙasar nan akwai ma'aikaciyar lafiya da ke zagayowa gida duba mai jego da jariri. Ranar da tamu ta fara zuwa, Hajiya na zaune a falo da yarinyar a cinya, ni ina rakuɓe a gefe. Matar ta tambaye ni sunan jaririyar, na sunkuyar da kai, Hajiya ta amsa. Ta ce in karɓe ta in rungume, na karɓa kamar an ba ni ajiya, na mayar. To ya zan yi? 'Yar fari ce, ga uwar mijina a zaune, sunanta ma aka sa wa yarinyar. Da a gidanmu ne na hau yi mata wasa a gaban manya, da an shekara ana ba da labarin rashin kunyata.

Matar dai rubutu kawai ta yi. Sai zuwan nata ya ƙaru. Ta kawo mini takarda mai tambayoyi: ina yawan kuka? Ina jin yarinyar a raina? Maigidana ya ce in bar masa, shi da ke aikin asibiti ya san yadda ake magana da su. Ya gaya mata a wurinmu uwa ba ta nuna son ɗan fari a gaban manya. Ta dubi Hajiya, ta dube ni, ta ƙara rubutu. Da ta zo tafiya ta ja ni bakin ƙofa, ta tambaye ni a hankali ko hana ni taɓa 'yata ake yi. Ni da ina rufe ƙofar ɗaki nake hau shinshinar kanta! Ba wanda ya taɓa ce mini za a ɗauke ta, amma mun sha jin labarai a gidajen suna, kuma na ga yadda fayil ɗin nan ke ƙara kauri.

Hajiya ta koma gida, maigidana ya sami aiki a Manchester. Aka ce fayil zai bi mu, kuma sabuwar ma'aikaciyar za ta so ganin ina kai yarinyar inda iyaye mata ke taruwa da 'ya'yansu. Maigidan ya ga wani flat, wato sashen gidan bene, a Ardwick, tsaf-tsaf, kusa da wurin aiki. Na je na gani, ɗalibai ne sama da ƙasa, ko keken jariri ɗaya babu a bakin ƙofa. Na ce masa, “Don Allah ka ba ni kwana biyu in taka da ƙafata.”

Shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu ne, council, wato ƙaramar hukuma, sai rufe cibiyoyin yara take yi. Adireshi uku na kwafo. Ta farko na tarar da kwaɗo a ƙofa. Ta biyu sau ɗaya take buɗewa a mako, kuma an cika. Ta uku, a Levenshulme, a wani layi bayan Stockport Road, ita ma a rufe, amma an manna takarda da rubutun hannu: matan da ke zuwa nan sun koma zauren cocin da ke gaba, Talata da safe, kowa ya zo. Ranar kuwa Talata ce.

Na daɗe a tsaye a ƙofar cocin nan da hijabina, yarinyar na cikin kekenta, ina shawara da zuciyata. Ruwan sama ne ya tura ni ciki. Mata ne cike, 'yan Somaliya, 'yan Pakistan, 'yan Jamaika, ga Turawa, yara na ta rarrafe a kan tabarmar roba. Wata dattijuwa mai raba shayi ta leƙa keken, ta tambaye ni sunan yarinyar da Turanci. Na buɗe baki na rufe. Ta kalle ni sama da ƙasa, sai ji na yi ta ce da Hausa, “'Yar fari ce ko?”

Na ce, “Mama, daga ina?” Ta ce daga Kafanchan, ungozoma ce ta yi ritaya. Na zayyane mata komai ina sharar hanci. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, “Oh ni! Kanawa, kun kawo kunyarku har Ingila. Share hawayenki, 'yata. Ki kama gida nan kusa, ranar da za ta zo ki kira ni.” A makon muka kama gidan mai danshi, maigidana na ta mita.

Ranar ziyarar Mama ta riga ma'aikaciyar isowa, ta zauna da yarinyar a cinya. Da matar ta iso, Mama ta yi mata bayani tiryan-tiryan, irin na wadda ta yi shekaru a aikin. Matar ta saurara sosai, sannan ta ce ta gane, amma ga shi yanzu ma uwar tana can gefe, ko kallon 'yar ba ta yi ba. Gaskiya kuwa ta faɗa.

Mama ta dafa goshi ta ce, “Ashe ni ce matsalar! Ni ma babba ce a wurinta.” Ta kwantar da yarinyar a kujera, ta buɗe ƙofar baya ta fita tsakar gida, ana ruwa, ko lema ba ta ɗauka ba. Ta janyo ƙofar ta rufe.

Yarinyar ta ɗaga mini hannu biyu tana ɓangale baki. Ban san lokacin da na sure ta ba. Na cusa hancina a wuyanta ina kiranta da duk sunayen da nake kiranta da su a ɗaki, tana ƙyalƙyala dariya, tana jan ɗankwalina, ni kuma hawaye na zuba. Da na ɗago, matar ta ajiye bironta. Ta ce ba ta ga dalilin sake zuwa ba sai lokacin awo, kamar kowa.

Ta tagar kicin na hango Mama tsaye a jikin bango, ta juya mana baya, rigarta ta jiƙe sharkaf, tana jiran in gama.