Riek da Bishiyar Kekuna

Da asuba, tun fitilun titi ba su mutu ba, Riek Dubbeldam tana tsugune a ƙofar garejin da ke bakin ruwa a garin Schiedam, tana kankare laka daga jikin wani keke da jirgin shara ya tsamo. Aikin wurin ke nan: kekunan da mashaya da ɓarayi suka jefa ruwa ake gyarawa, a ba waɗanda suka samu aiki amma ba su da abin hawa.

Shekarunta hamsin da tara. Ashirin daga ciki ta yi su tana ɗaure noti a wurin ƙera jiragen ruwa, har ranar da aka sa wa wurin kwaɗo. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Floris, wanda ya kafa garejin, shi ya ɗauke ta, kuma ba ta taɓa musun cewa dabarar tasa ce, mai kyau ce kuma. Sai dai tun da aka fara ba shi lambobin yabo hannunsa bai sake taɓa baƙin mai ba.

A bango akwai takardar sunayen masu jira. Na farko Marga Stolk ce, wadda ta shekara huɗu ba aiki. Ranar Litinin za ta fara a gidan kula da tsofaffi can bayan gonaki, ƙarfe shida na safe, bas ɗin farko kuwa sai bakwai. In ta makara a makon gwaji, shi ke nan. Gajeriya ce ƙwarai, sai da Riek ta yi mako uku kafin ta samo ɗan shuɗin keke da ƙafarta za ta kai ƙasa a kansa.

Ranar Alhamis Riek ta je cire haƙori. Da gari ya waye ranar Juma'a, ta gama kankare lakar ta buɗe ɗakin ajiya, sai ta tarar da shi wayam. Kekuna ashirin da aka gama, har da shuɗin, babu ko ɗaya.

Floris ya iso daidai lokacin shan kofi na ƙarfe goma, ya zauna kusa da gwangwanin biskit yana fara'a.

"Ina kekunana?"

"Haba Riek, ko gaisuwa babu? Suna zauren gunduma. Na samo wata mai fasaha, ta harhaɗa su ta yi bishiya, tsayinta har rufi. Bishiyar Sabuwar Rayuwa. Wata uku za ta yi a can tana yi wa duniya magana."

"Keke ba ya magana, Floris, hawansa ake yi. Ga masu tsatsa can tsibi guda, me ya hana ku kwashe su?"

"Ta ce masu tsatsa suna sa mutane baƙin ciki."

"Marga fa, ranka ya daɗe mai gyara duniya? A kan bishiyar za ta tafi aiki?"

"Na ji damuwarki, kuma ina girmama ta. Ranar Talata za mu zauna a da'ira, kowa ya faɗi yadda yake ji."

"Litinin za ta fara."

"Zan rubuta wa gidan tsofaffin, za su fahimta."

Ya miƙa hannu zai ɗauki biskit ɗinsa, guda ɗayan da kowa ke samu da kofi. Riek ta rufe gwangwanin, ta ɗora shi a saman kabad.

Ta yi yinin nan tana birkita tsibin masu tsatsa ko za ta samu wani gajere. Babu. Nata keken kuwa, ko an sauke sirdin har ƙasa, Marga ba za ta kai feda ba.

Ranar Asabar da la'asar aka buɗe bikin nuna bishiyar. Baƙi sun cika zauren da kofunan giya da 'yan gutsattsarin cuku a tsinke. Wani kansila yana jawabi a kan mutuncin talaka sa'ad da Riek ta shigo cikin kayan aikinta, tsani a kafaɗa, sifana a aljihu. Ba ta kalli kowa ba. Ta jingina tsanin, ta hau. Shuɗin keken yana can sama, an rataye shi kai ƙasa, an yanke wayar birkinsa don kada ta ɓata kyan gani. Ta ja tsaki, ta fara kwance noti.

Kowa ya juyo yana kallonta. Sai wata mata ta raɗa wa ta kusa da ita cewa ai cikin shirin ne. Nan da nan wayoyi suka tashi sama. Da keken ya sauko, tafi ya ɓarke, har da masu share hawaye. Floris, da fuskarsa ta yi fari fat minti ɗaya da ya wuce, ya karɓi abin magana daga hannun kansilan.

"Abin da muke so ku gani ke nan," in ji shi. "Bishiya ta ba da 'ya'yanta ga al'umma!"

Wani mai gemu da gyale ya tare ta a ƙofa. "Madam, kin taɓa min zuciya. Me kika ji a ranki lokacin da kike can sama?"

"Wuyana na ji yana ciwo. Matsa, bawan Allah."

Ni da nake taya ta aiki a garejin, ni na biyo ta na riƙe mata tsanin, ni kuma ta bar wa shi. Ta gilashin zauren na hango ta a waje cikin yayyafi, ta zaro sabuwar wayar birki daga aljihu ta ɗaura, ta matsa sau uku ta ga ya kama. A bayana ana ta tafa wa sauran sha taran da ke rataye. Ta hau nata keken, ta kama kan shuɗin da hannun dama, ta ja shi a gefenta, ta haye gada ta nufi unguwar su Marga.