Jirgin da Aka Ƙi Nutsarwa

Wutar da Inna ke yi mini tatsuniya a gabanta ba ta fi tafin hannu ba. Ɗan kaskon turare ne da gawayi huɗu ko biyar, a barandar gidanmu da ke hawa na goma sha ɗaya a unguwar Cheras ta Kuala Lumpur. Da farko a falo ta hura shi, sai na'urar hayaƙi ta ɓarke da ihu, maƙwabta suka firfito, Abba ya bi su yana ba da haƙuri da Turanci da guntun Malayancinsa. Tun ranar aka mayar da ita baranda, ita da kaskonta. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ƙasar da ɗaki ke kai ƙarar mai ɗaki ba.

Shekarata tara a lokacin. Abba yana karatun digirinsa na uku, Umma ta haifi ƙanwata, kuma da yake mahaifiyar Umma ta daɗe da rasuwa, sai aka ɗauko Inna, mahaifiyar Abba, tun daga Haɗeja ta zo ta kula da jego. Ni kuwa a Kuala Lumpur na buɗe ido. Ina jin Hausa sarai, amma in aka yi mini magana da ita sai in mayar da Turanci, in raina ya ɓaci in haɗa da Malayanci. Sunan mijinta na fari aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, Maigida take ce mini.

"Maigida, yau ma babu cefane sai Turanci? Wallahi na yi zaɓen miji."

Abba ne ɗanta na fari, kuma Inna irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ban taɓa ganin sun zauna su biyu suna hira ba. In tana da magana da shi, ni take gaya wa, ko da yana tsaye a gabanta. "Gaya wa mutanen gidan nan tuwonsu na hucewa." Shi kuma ya amsa yana kallon ƙasa. Abin dariya yake ba ni, na ɗauka faɗa suka yi tun tuni ba su shirya ba.

Tsakanin magariba da isha'i ne lokacinmu. Daminar ƙarshen shekara ce, kusan kullum da yamma sai an sheƙa ruwa. Inna ta shimfiɗa tabarma, ta barbaɗa turare a wuta, ta miƙe ƙafa. Teburin karatun Abba yana daf da ƙofar baranda, kuma a buɗe ake barinta saboda iska, don haka duk tatsuniyar da aka yi da ƙarar kwamfutarsa ake yin ta. Inna tana da nata mabuɗin da ban taɓa ji a bakin kowa ba. Za ta ce, "Jirgi ya iso gaɓa." Dole in ce, "A sauke kaya mu gani." In ban amsa ba, ko na amsa da Turanci, sai ta ja bakinta ta yi gum. Ta ce ita ba ta sauke kaya a inda babu wanda ya zo tarba.

Makonni muka yi ana ta Gizo da kura da 'yan mata masu zuwa rafi. Sai da ya rage saura kwana huɗu ta koma gida, ta ɗauko wata daban, wadda babu dabba mai magana a cikinta, kuma ba ta gama ta a zama ɗaya ba.

Wai akwai wani tsibiri a tsakiyar wani tafki mai faɗin da ba a hango gaɓarsa, mutanensa duk masunta. Wata safiya aka tashi babu tsuntsu ko ɗaya a bakin ruwa. Ruwan ya kwanta lamo, tururuwa suka yi layi suna hawa bango da ƙwayayensu. Sarkin ruwa, wani tsoho mai ido ɗaya, ya daɗe yana kallon gabas, sannan ya sa aka buga ganga. Ya ce guguwa na tafe, irin wadda ya taɓa gani sau ɗaya tak yana yaro, kuma ba za ta wuce jibi ba.

Inna ta fi daɗewa a kan shirin fiye da komai, har na riƙa ƙosawa. Yadda aka ɗaure jinkar kowane ɗaki da igiya aka kafe ta da turaku. Yadda mata suka zuba bandar kifi da gero a tukwane, suka liƙe bakin da laka, suka binne. Yadda aka kwance awaki duka, don dabbar da ke ɗaure ba ta iya ceton kanta. Yadda aka kwashe tsofaffi da masu ciki zuwa masallacin da ke kan tudu, shi kaɗai ne ginin ƙasa a tsibirin. Sai babban aikin: Sarkin ruwa ya ce kowa ya loda wa jirginsa buhunan yashi, ya nutsar da shi a inda ruwa bai wuce ƙirji ba, ya ɗaura masa gora don a gane wurin.

Na ce da Turanci wannan ai hauka ne. Ta gane ba tare da an fassara mata ba.

"Haka shi ma ya ce, Maigida. Amma iska ba ta shiga ƙarƙashin ruwa. Wanda ke ƙasa yana kwance abinsa har ta wuce, a kwashe yashi ya taso. Wanda ke sama shi take ɗauka ta maka da ƙasa."

Shi ɗin da take nufi wani saurayi ne mai sabon jirgi. Shekara biyu yana tara katako, bai fi wata guda da gama shi ba, ya shafa masa shuɗin fenti, ranar sunan ɗansa na fari aka fara sa shi a ruwa. Kowa ya nutsar da nasa, shi ya ce ba zai iya zuba wa wannan jirgi yashi da hannunsa ba. Ya jawo shi gindin wata bishiya, ya ɗaure da igiya bakwai. Sarkin ruwa ya yi masa magana, abokansa suka yi, matarsa ta bi shi har bakin ruwa da jariri a baya tana roƙo. Ya yi dariya ya ce ta duba ƙullin da kyau, ko aljani ba zai kwance shi ba.

A dare na biyu ne na lura ƙarar kwamfutar Abba ta ɗauke. Na waiga na gan shi zaune, hannuwansa a cinya, yana kallon allo ba ya karanta komai. Ban kawo komai a raina ba. Yanzu na sani. Inna ta yi aurenta na fari a wani tsibiri na tafkin Chadi, kuma duk abin da Abba ya sani game da mahaifinsa bai wuce magana ɗaya ba: ruwa ya ci shi, Abba yana jariri. Shekara arba'in babu wanda ya ƙara masa ko kalma, shi ba ya iya tambaya, ita ba ta iya duban ɗan fari ta faɗa. Sai ga jika, ga baranda, ga ƙofa a buɗe. Ashe ni bakin ƙofa ne kawai, labarin na wanda ke bayana ne.

A dare na uku ta kai mu cikin masallaci. Gari ya yi baƙi tun la'asar, iska ta fara kwasar jinka ɗaya bayan ɗaya, yara na kuka, liman na ta addu'a. Saurayin ya kasa zama, yana tsaye a bakin ƙofa yana leƙen bishiyar. Can sai ya ratsa cikin mata, abin da ba a yi, ya durƙusa kusa da matarsa, ya dafa kan jaririn, ya raɗa mata wata magana a kunne.

"Me ya ce?" Da Hausa na tambaya, ban ma san ta fito ba.

Aka kira isha'i a wayar Abba. Inna ta daɗe tana kallon gawayin, sannan ta ce, "Gobe, in muna da rai. Wannan kayan da nauyi, sai na huta."

Goben ita ce ranarta ta ƙarshe, kuma ta faɗo ranar kasuwar dare ta unguwarmu. Ana idar da magariba abokina Hafiz, ɗan maƙwabtanmu Malayawa, ya ƙwanƙwasa ƙofa, yayansa zai kai mu. Kwana biyu kafin nan Hafiz ya tambaye ni me ya sa kayana ke warin hayaƙi, kuma da gaske ne tsohuwar nan tana ce mini mijinta? 'Yan ajinmu sun sha dariya. Ina sa takalmi na ji muryarta daga baranda, ta riga ta hura wuta.

"Jirgi ya iso gaɓa."

Na yi kamar ban ji ba. Hafiz yana leƙe ta kafaɗata.

"Maigida, jirgi ya iso gaɓa."

Umma ta ce daga ɗaki, "Sadik, amsa mata mana. Kasuwar ba guduwa za ta yi ba."

"Later lah, Inna," na ce, wato sai an jima, ko waiwayawa ban yi ba.

Ta faɗa a karo na uku, a hankali, kuma wannan karon ba ta ce Maigida ba. Abba yana kan kujerarsa, bai ce tafi ba, bai ce zauna ba. Na ja ƙofa. Abin da na samo a kasuwar ban manta ba: soyayyar ayaba da ruwan rake. Da na dawo kaskon yana wanke a kife, Inna tana ɗaure kaya. Ta ce, "Ango ya dawo daga yawo," ta ba ni alewa, ba ta nuna mini komai ba. Da safe muka raka ta filin jirgi.

Na nemi ƙarashen sau ɗaya ko biyu a waya. Ta ce ba a tatsuniya da rana. In dare ya yi mana a nan, rana ce tsaka a Haɗeja, in ya yi musu a can, ni na yi nisa a barci ga makaranta da safe. Gaskiya kuma ban matsa ba, na ɗauka tana nan, za mu je hutu. Ta rasu kafin mu je.

Su Abba sun koma gida tuntuni, ni na tsaya ina aiki, ina zaune a unguwar Sentul, nan Kuala Lumpur. Bara ina shan shayi a shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi masu sayar da abinci, sai talabijin ta nuno wani tsibiri da guguwa ta doso, mutane na kafe tagogi da katako, wasu masunta na cika ƙananan jiragensu da ruwa da gangan. Na kasa ƙarasa shayin. Na kira Abba na tambaye shi ko ya tuna tatsuniyar nan. 

"An tsinci jirgin," ya ce. "Wani ɗan'uwan mahaifina ya gaya mini bayan rasuwarta. Igiyoyin bakwai suna nan a jikin bishiya, ba wadda ta kwance. Katakon ne ya tarwatse. Shi ba a gan shi ba."

"Abin da ya raɗa mata fa?"

"Ita kaɗai ta ji."

Na ce, "Abba, da ka amsa mata da kanka ranar."

"Na buɗe baki, Sadik. Sau uku ina buɗewa. Ba a yi mu haka ba." Ya numfasa. "Kai kuma yaro ne. Kada ka ɗora wa kanka."

Na ɗora, kuma ban ga ranar saukewa ba. Da ina ganin darasin tatsuniyar a fili yake: ka ji maganar manya, kada son abu ya rufe maka ido. Yanzu ba na iya ganin wautar saurayin nan, don na san yadda ake tsayawa a bakin ƙofa ana kiran mutum ya zauna, shi kuma hankalinsa na waje. Shi jirgin da ya yi shekara biyu yana ginawa ne ya fitar da shi. Ni soyayyar ayaba ce, da tsoron kada wani yaro ya yi mini dariya. Inna ta shirya wa tafiyarta kamar yadda mutanen tsibirin suka shirya wa iska, ta lissafa kwanakinta, ta raba labarin daidai da su, ta ajiye mafi nauyi a ƙarshe. Abu ɗaya ta bari a hannun wani, kalma biyar, kuma a hannuna ta bar su.

Kafin mu ajiye waya ranar, ruwa ya kece a Sentul. Abba ya ji ƙararsa ta cikin wayar, ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Jirgi ya iso gaɓa."

Na ce, "A sauke kaya mu gani."

Muka zauna riƙe da waya, shi a Haɗeja ni a nan, muna sauraren ruwa. Babu wanda yake da kayan a cikinmu.