Jar Motar Tsoho Kuwabara

Kuwabara Shigeo ya shekara talatin da huɗu yana tuƙa motar 'yan makaranta a garin Hamamatsu, bai taɓa wuce gudun kilomita arba'in ba. Da ƙanensa ya rasu, sai ya gaji wata jar motar tsere mai kujera biyu, wadda in aka tayar da ita tagogin maƙwabta ke rawa.

Ranar farko ya fita da ita sayen tofu, wato awara. A danja wani direba mai gashi a tsaye ya tsaya gefensa, yana ta taka totur, inji na kururuwa. Tausayi ya kama Kuwabara, ya sauke gilashi.

"Bawan Allah, motarka ba ta da lafiya ne? Akwai bakanike nan gaba."

"Haba Baba, tsere nake nema!"

"To, ka sauka lafiya."

Aka ba da hannu, Kuwabara ya ja a arba'in ɗinsa. Mai gashin ya yi turus. A ransa ya ce irin wannan mota ba ta rarrafe a banza, lallai tsohon ya san inda 'yan sanda suka laɓe. Sai ya bi bayansa sumul. Na baya suka ga haka, su ma suka shiga layi, har mota ashirin.

Tun daga ranar, duk titin da tsohon ya hau, ba mai wuce shi. Wasu har sunkuyar masa da kai suke don godiya.

Kuwabara kuwa yakan ce wa matarsa Fumie, "Direbobin garin nan sun yi hankali bana."