Caca Ta Cinye Ragon Sunan 'Yata

A lokacin da nake ba da labarinsa, ni bakaniken babura ne a Birnin Kudu, da rumfata a bakin titi, kuma a ƙauyenmu na Sundimina kallon mai natsuwa ake yi mini. Cacar ƙwallo ta waya na fara ta ne don kallon wasa ya ƙara armashi. Na ci sau biyu da farko, kuma cin nan shi ya kashe ni. Na zama ba na iya ɗaure noti sai na leƙa waya. Na goge manhajar ya fi a ƙirga, amma duk Asabar sai in ga yatsana ya sake sauko da ita, kamar ba ni na rantse jiya ba.

Da cikin matata ya tsufa, Baba ya aiko mini da ragon da ya yi wata takwas yana turkarsa da harawa da dusa, ya ce na suna ne. Ranar kasuwa na ja shi na sayar, na ce wa matata na kai shi gidan abokina a Gwaram don ya fi mu fili. Tunanina in ninka kuɗin in sayi wanda ya fi shi, har ina hango yadda za a yaba mini. Kafin magaribar Lahadi ko kuɗin igiya babu.

Ta haifi mace, aka ce a gidan Baba za a yi suna. Kwana bakwai nake da su, kuma kullum sai in buɗe baki zan faɗa, kunya ta rufe shi. Na sayar da akwatin kayan aikina na sake zubawa, don a ganina hanyar fita ɗaya ce, ita ce wadda ta shigo da ni. Shi ma ya tafi.

Ranar suna liman ya zo, an raba goro da dabino, mahauci ya wasa wuƙa yana jira. Baba ya tambaye ni a hankali ina ragon, na ce mota tana hanya. Haka na tsayar da dattawa har hantsi. Da na ga babu wurin gudu, na ja Baba zaure na gaya masa komai. Bai zage ni ba. Ya shiga cikin gida ya fito da tunkiyar Inna, guda ɗaya da take da ita, aka yanka. Da aka feɗe, na ji dangin matata suna tambayar juna ko wannan ne ragon da ake ta labari. Matata ba ta ɗaga kai ba har aka watse.

Yau yayana ne ke riƙe da katin bankina, ni kuma ƙaramar waya mai madannai nake riƙewa. Duk Asabar ina zuwa wurin limaminmu mu zauna, don har yanzu hannuna yana ƙaiƙayi, ba zan yi ƙaryar na warke ba. Abin da na gane shi ne ɓoyewa ta fi cacar ɗaure ni. Wanda yake cikin wannan hali, don Allah ya faɗa wa wani nasa tun yau, wanda aka faɗa wa kuma ya saurara kafin ya yi faɗa. Ni na jira sai da mahauci ya wasa wuƙa, kuma Inna ce ta biya.